Yadda Za Ka Tsallake Dillali Idan Dillalin Surukinka Ne

Idan kana aiki a masana'antar kayan lantarki, kuma kana son a san da zamanka a ofis ba tare da aurenka ya girgiza ba, matso kusa. Matakai bakwai ne. Ni da kaina na taka su ɗaya bayan ɗaya, kuma na ba ka tabbacin cewa idan ka bi su yadda na tsara, Manaja zai riƙa kiran sunanka daidai, surukinka kuma zai ci gaba da amsa gaisuwarka.

Mataki na 1: Yi magana a taro kafin ka yi tunani

A masana'antarmu fanka mai caji muke haɗawa. Ni ne mai rubuta takardar lodi, kuma shekara shida ba wanda ya taɓa tambayata ko ƙarfe nawa. Ranar nan Manaja ya yi ta faɗa cewa kaya suna yin wata biyu a siton dillalai kafin su isa shago, har batir ya mutu a cikin kwali. Sai na ɗaga hannu. Na je allo na zana akwati uku: masana'anta, sito, shago. Na soke na tsakiya, na ce a ɗauki kaya daga ƙofarmu a kai wa masu shaguna kai tsaye. Manaja ya tafa.

Kai ma yi haka, kuma ka soke da ƙarfi. Sai ka koma kujerarka ne za ka tuna cewa akwatin tsakiyar nan Mai Sito ne, babban dillalinmu, mahaifin matarka, wanda ya sa baki aka ɗauke ka aiki. Kada ka zargi kanka. A kan allo akwati ba shi da hula ba shi da gemu.

Mataki na 2: Koyi faɗin "daga sama"

A gida kada ka yi kirkin da ya wuce na kullum. Ni na yi kuskuren shigowa da sabon takalmi a leda ba gaira ba dalili. Matata ta juya takalmin, ta dube ni, ta tambaye ni abin da na aikata. Na ce ana sauye-sauye a wurin aiki, kuma umarni ne daga sama. Riƙe wannan kalma da kyau. Ba wanda ya taɓa hawa saman nan ya bincika.

Mataki na 3: Zana wa direba hanyar da ba ta bi ta ƙofar surukinka

Siton Mai Sito yana bakin babban titi, kuma duk motar da ta fito daga masana'anta ta gabansa take wucewa. Saboda haka na zana wa direbanmu, wanda ake kira Birki, wata hanya ta bayan gari, ta gefen layin dogo, mai ƙarin tafiyar awa guda. Da ya tambayi dalili na ce sabuwar dabarar rarraba kaya ce. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce shi dai ya ga dabarar tana shan mai.

Mataki na 4: Idan abubuwa suka dagule, ɗora laifin a kan taswira

Za su dagule, kada ka ji komai. Mun cika babbar mota da fanka ɗari shida, ashe yawancin masu shaguna biyar-biyar suke so. Lungu na farko motar ta ƙi shiga. A na biyu ta shiga ta ƙi fita. Shago biyu sunansu ɗaya, muka sauke wa mai sayar da katifa kwali ashirin, ya karɓa da godiya. Wata mai shago ta dawo da nata duka, ta ce ita shuɗiyar fanka take sayarwa, masu sayen kayanta ba sa son fara don tana nuna datti. Da Birki ya ce ba a rubuta haka a takarda ba, sai ta ce Mai Sito bai taɓa buƙatar a rubuta masa ba.

Cikin mako uku kwalayen da aka dawo da su sun cika barandar ofis, har Manaja sai ya karkace yake shiga ɗakinsa. Duk sanda ya dube ka, buɗe taswira ka ɗaure fuska, ka ce titunan ne ba a yi su bisa tsari ba.

Mataki na 5: Je gaisuwa, ka yi ta gyaɗa kai

Kada ka daina zuwa gaida surukinka, rashin zuwan ne zai tona ka. Na same shi a ƙofar siton, ciki fayau, ma'aikatansa takwas suna zaune a kan benci, ƙananan motocinsa uku an rufe su da tampol. Mutanen nan kuwa har 'ya'yansu na sani.

Ya sa aka kawo mini shayi. Ya ce ya ji labari wani ma'aikaci ne ya tashi a taro ya soke shi da alƙalami, ko na san shi?

"Baba, ma'aikatan da yawa," na ce.

Ya ce haka ne. Sai ya shiga lissafa mini wane shago ne ba ya buɗewa sai rana ta yi tsaka, wane lungu ne sai ƙaramar mota, wa ke son biyar, wa ke iya ɗaukar ɗari. Ni kuma na saukar da waya ƙarƙashin tebur ina rubutawa a ɓoye. Kai ma rubuta. Ilimi irin wannan ba ya cikin kowace na'ura.

Mataki na 6: Idan an kama ka, sauka daga kujera

Yana cikin magana sai ya dakata, ya ce: "Ɗora wayar a kan tebur, ɗana, ka rubuta da kyau. Wuyanka zai yi ciwo."

Ashe tun ranar farko ya sani. Birki a sitonsa yake shan shayi kowace safiya, kuma har takardar hanyar bayan gari ya nuna masa, suka yi dariya tare. Matata ma ta sani, mahaifinta ne ya hana ta yi mini magana, wai a bar ni in gama zagayena.

Na zame daga kujera na durƙusa, na fara ba da haƙuri. Ya ce in tashi, maganata ba ƙarya ba ce: kaya suna daɗewa a wurinsa, ya saba tara su don kada a nema a rasa, kuma fanka mai batir ba bulo ba ce da za a jibge. Abin da ya ɓata masa rai kawai shi ne ban zo na tambaye shi ba, alhali tsakanin ofishina da sitonsa tafiyar minti goma ce.

A kan tebur ɗin muka tsara komai. Manyan shagunan da ke ɗaukar ɗari ko fiye, Birki ya kai musu kai tsaye. Sauran kuma babbar mota ta sauke a sito da safe, ƙananan motoci su raba a ranar, kada kwali ya kwana biyu a wurin. Kafin in tafi har an fara yaye tampol.

Mataki na 7: Sa wa tsohon abu sabon suna

Kada ka je wa Manaja da cewa za a koma wa dillali, zai ji kamar an ci shi wasa. Ni cewa na yi bincike ya nuna muna buƙatar "tashar wucewar kaya", kuma cikin sa'a na samo wani sito babu komai a ciki, da motoci uku da mutum takwas da suka san gari. Manaja ya maimaita sunan sau biyu, ya ce ya yi masa daɗi. A wata guda baranda ta washe, mai shuɗiyar fanka ta ninka odarta.

Ranar sa hannu Mai Sito ya zo da kansa. Manaja ya nuna ni, ya ce ga mai basirar da ya haɗa wannan tsari. Surukina ya dube ni sama da ƙasa, ya ce lallai an yi dace da ma'aikaci, a riƙe shi da kyau, a kuma riƙa duba abin da yake zanawa.

Gargaɗi

Ni dai na faɗi abin da ya yi mini aiki, kuma tabbacin da na bayar a kan surukina na bayar da shi, ba a kan naka ba. Duk abin da ya biyo baya, babu hannuna, babu na masana'anta, babu na Birki. Wani abokin aikina a sashen caja ya kwafi matakan nan kaf, sai dai shi dillaliyarsa uwar matarsa ce. Yau wata uku ke nan yana mataki na biyar. Kullum yana zuwa gaisuwa, kullum yana gyaɗa kai, har yanzu ko kujera ba a ba shi ba.