Ƙofar da Nake Sauka a Filato

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗana na fari ba. Ranar Alhamis ce, ƙarfe bakwai da kwata, a ƙofar gidan Inna Haisa da ke Harobanda. Waɗanda ke wurin su ne liman Malam Bube, da wanzami, da maƙwabta a kan tabarmi, da 'yan garinmu na Damagaram masu aiki a Yamai, sai wani rago da fari bai bar masa komai ba in ban da fata da ƙaho. Ni ina tsaye cikin sabuwar riga ina rabon goro. Amma bari in bi abin daki-daki, don ba na son labarin da aka faro daga tsakiya.

Na farko, yadda na yi kuskuren. Na zo Yamai da ɗan karatun lakol ɗina, wato boko, ba da jimawa ba bayan sojoji sun karɓi mulki, na samu aikin buga takardu a wani biro, wato ofis, na gwamnati. Ranar da na kama aiki, shugabanmu Mushe Isufu (Mushe shi ne "Malam" a Faransanci) ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ina kake zaune?" Matan biro suna wurin, sai ƙamshin turare suke yi. Kafin in ankara bakina ya ce, "Filato." Filato kuwa unguwar manya ce, ministoci da hafsoshi. (Don in yi wa kaina adalci, na taɓa kwana a can, a ɗakin wani ɗan garinmu mai gadi. Amma kowa ya san kwana ba zama ba ne.)

A lokacin na ɗauka tambayar awo ce, ana son a ga nauyina. Ban gane ba cewa idan Bahaushe ya ce "ina kake zaune", so yake ya san ƙofar da zai yi sallama ran suna, ko ran ciwo, ko ran rasuwa.

Na biyu, inda nake zaune a gaskiya. Ɗaki ɗaya ne na ƙasa a ƙetaren kogi, a gidan Inna Haisa, wata Bazabarma da mijinta ya rasu, mai sayar da kwaɗon zogale a Ƙaramar Kasuwa. Bayan gidan rumfunan makiyaya ne da fari ya koro daga arewa. Shekarar jar dawar taimako ce, wadda tuwonta ke tsayawa a maƙogwaro. Da matata Zuwaira ta samu ciki ta kasa cin ta, Inna Haisa ce ta riƙa zuwa Saga wurin ƙanenta tana ƙullo mana shinkafa a bakin zane. Da yamma mu zauna a tsakar gida, ita tana gyara mana Zabarmanci, mu muna gyara mata Hausa, ana ta dariya. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ɗana" take ce mini.

Na uku, yadda na riƙa kiwon ƙaryar. Biro yana da mota mai mayar da ma'aikata gida, shofer ɗinta Garba. Dole in nuna masa ƙofa. Na zaɓi wata koriya mai dogonyaro a gabanta, da soja a tsaye. Kullum in sauka, in ɗaga wa sojan hannu kamar tare muka yi wasan ƙasa, in duƙa ina gyara takalmi har mota ta sha kwana. Sannan in miƙe, in gangara gada da ƙafa. A tsakiyar gada nakan tsaya in kalli kogin, yadda ya janye har yashi ya fito, shanu na tsaye a inda jirage ke wucewa a da. Har yau in na rufe ido ina ganin wannan yammacin.

Na huɗu, yadda asiri ya tonu. Da Zuwaira ta haihu ban gaya wa kowa a biro ba, na ce kawai ina da uzuri ranar Alhamis. Sai dai na ja Garba gefe na tambaye shi inda ake samun rago mai sauƙi. (Duk wanda ya san Garba ya san daidai yake da in hau rufin biro in yi shela.) Mutanen biro suka haɗa baki za su zo mini ba zata, kamar yadda aka saba yi wa kowa.

To, mu koma safiyar Alhamis. Malam Bube ya ɗaga hannu zai fara addu'a ke nan, sai muka ji rurin kamiyo a lungu. Kamiyon soja. Wanda bai ga wancan zamanin ba ba zai gane ba: motar soja ba ta shiga lungu da sassafe don ta yi barka. Wanzami ya bar zabirarsa ya tsallake danga. 'Yan garinmu suka watse, kowa da takalminsa a hannu. Ragon nan da ko tsayuwa ba ya iyawa ya tsinke igiya ya bi su. Malam Bube kaɗai ya rage, hannu a sama, baki yana motsi, kuma na tabbata ba addu'ar suna yake yi ba.

Wani kapitan ya sauko daga gaba. Daga baya kuma Mushe Isufu ya diro cikin farar babbar riga, sai Garba, sai matan biro, ana miƙo musu buhun shinkafa da sabulai.

Kapitan ya ce, "Ina mai gidan nawa? An ce yau ana suna a gidana, ni ba a gaya mini ba."

Ashe koriyar ƙofar tasa ce. Mutanen biro sun yi cincirindo a gabanta tun da asuba, sojoji suka zaunar da su a ƙasa har ya fito.

Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe."

Ya ce, "Kada ka wahalar da kanka, mun san ka. Mutum ya sauka a ƙofata kullum, ya duƙa yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya? Tun watan azumi na sa aka bi ka. Aka ce mini ba ka yin komai sai tsayawa kan gada kana kallon ruwa." Ya juya ga Mushe Isufu. "Ga Filato ɗinku nan."

Garba ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Wallahi Mushe, na daɗe ina mamakin mai gidan da ba ya shiga gidansa!"

Duk wannan na iya haɗiye shi. Abin da ya karya ni ya zo ne daga bayana. Inna Haisa tana bakin zaure, wata maƙwabciya tana mayar mata da zancen cikin Zabarmanci. Ta tako a hankali har gabana, ta ce da Hausarta mai nauyi, "Ɗana, gidana ne ba ya faɗuwa a baki?"

Ba ta jira amsa ba. Ta shiga ta fito da tabarmar aurenta da ba ta shimfiɗa wa kowa, ta zaunar da kapitan da Mushe Isufu, ta aika aka kamo rago, aka lallaso wanzami. Aka raɗa wa yaro suna Mahamadu. Mushe Isufu yana tauna goro ya ce mini a hankali, "Tambayar da na yi maka ran nan, saboda irin yau na yi ta."

Daga ranar Inna Haisa ta daina ce mini ɗana. "Mushe Filato, an tashi lafiya?" Shinkafar Saga ba ta fasa zuwa ba, amma Zuwaira take miƙa wa. Na ba ta haƙuri a ɗaki, ta ce ba komai, kuma na san akwai komai. A gaban mutane na ƙi gidan, ba a ɗaki ba.

Saboda haka ranar da na koma aiki na roƙi Garba ya ƙetare gada da ma'aikatan duka. Ya yi mita kan mai, amma son ganin ƙarshen zance ya fi ƙarfinsa. Na sauka a ƙofarta, na ɗaga murya yadda makiyayan bayan gida ma za su ji, na ce, "Jama'a, nan nake zaune, gidan Innata!"

Can daga ciki muka ji ta ce, "To mai shela, in ka gama ka shigo, ɗana, tuwo na hucewa."

A gidan muka zauna har yara suka girma, har ranar da na sa kafaɗa aka kai ta makwancinta. Yanzu ina da gidan siminti nawa na kaina, amma in aka tambaye ni, da Harobanda nake farawa. Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi: ka faɗi ƙofar da kake shiga, don mai tambaya wata rana zai zo da buhun shinkafa, kuma ba lallai ba ne ya dace da kapitan mai raha.

Roƙona gare ka mai karatu guda ne. Sunan Mahamadu bai bi yaron nan ba ko na yini ɗaya. In ka haɗu da wani malamin makaranta mai furfura a Yamai da ake kira Kapitan, don Allah kada ka tambaye shi barikin da ya yi aiki. Ni za ka tambaya, ina nan zaune.