Yaƙin Mamuda da Yoyon Banɗaki

Da sunan Allah da ya halicci ruwa, ya kuma halicci mazajen da ke tare shi. Bayan haka, wannan tarihin gwarzo ne, Mamuda ɗan Sallau ɗan Barmo, jikan maginan da suka shafe soraye da makuba har damina ta riƙa wucewa kanta a sunkuye; Gagara-yoyo, dodon tsaga, angon Uwani, ɗan haya a saman benen Alhaji Nasidi da ke Funtuwa. Gaskiya ta tilasta wa mai rubutu ya ƙara da cewa Mamuda akawu ne a wata makaranta, kuma tun da aka haife shi bai taɓa riƙe cokalin gini ba.

Asalin fitinar kuwa, ruwan wanka ne ya yi tawaye. Ya riƙa sulalewa ta tsakanin tayil ɗin banɗakin Mamuda, ya ratsa kankare, ya huda silin, ya sauka ɗis, ɗis, a kan gadon maigidan haya, dattijo mai ciwon gwiwa da ƙarancin magana. Ranar da ɗigo ya same shi a tsakiyar ka yana ƙailula, sai ya hawo bene da sandarsa ya yanke hukunci: "Mamuda, in ruwanka ya sake shigo mini ɗaki, ka nemi wani gida."

Uwani ta ce a kira mai tayil. Mamuda ya dube ta duban da sarakunan yaƙi ke yi wa mai shawarar sulhu. "Jinin Barmo ya kira mai tayil? Miƙo min buroshi!"

Ya yi ɗamara da tsohon zanenta, ya naɗe ƙafar wando, ya tara rundunarsa: farin siminti a dama, gwangwanin gam mai hana ruwa a hagu, wuƙar yanka albasa a gaba tana leƙen asiri. Ya haramta wanka ga ahalinsa baki ɗaya, suka koma bayan gida da bokiti suna masa addu'ar da ba a faɗa da ƙarfi. Sannan ya durƙusa, ya auka wa tsohon simintin da ke tsakanin tayil, ya ƙwaƙule shi layi bayan layi, ya fatattaki gansakuka daga mafakarta, ya ci garin kyankyasai da yaƙi, bai bar musu ko mai kai labari ba. Gwiwoyinsa suka saluɓe, bayansa ya ƙage, warin gam ya sa shi ganin kakanninsa suna jinjina masa daga saman ƙofa. Ya cike kowace tsaga, ya shafe, ya jira ta bushe, ya sake shafewa. Ni da nake ba da labari ba na son yabon Mamuda, don yabo yana kumbura shi, amma wallahi aikin ya yi kyau.

Saura gwaji, wanda shi ne hisabin kowane aiki. Hikimar ita ce a toshe magudana da tsumma, a tara ruwa a ƙasa, a gani ko zai ragu. Mamuda ya cusa tsumma, ya danna da diddige, ya murɗa famfo har ƙarshe yana kirari: "Fito, maƙiyi! Ga ni ga ka!"

Famfo ya yi tari, ya hura iska, ya yi shiru, don rabon unguwar da ruwan famfo har an manta. Mamuda ya ɗauki wannan a matsayin tsoro. Ya saka babbar riga ya tafi masallacin Juma'a, Uwani ta tafi gidan suna, famfon kuwa yana nan a buɗe kamar yadda ya bar shi.

Liman na kan mumbari aka kawo ruwa.

Ya ku masu hankali, ku dubi ingancin aiki! Ruwa ya nemi tsaga bai samu ba. Ya lalubi kusurwa, ya tarar jikan Barmo ya riga shi. Da ya ga ƙasa ta gagara, sai ya taru, ya tsallake dokin ƙofa, ya ratsa falo ya yi ganima da darduma da takalman yara, ya gangara matakala cikin natsuwa, ya shiga ɗakin Alhaji Nasidi ta ƙofa kamar baƙon kirki.

Mamuda ya dawo ya sami dattijon tsaye a tsakar ɗakinsa, ruwa har idon sawu, silifas ɗinsa guda yana yawo a gindin gado. Amma jinin magina bai bar gwarzo ya yi shiru ba. Ya ɗaga yatsa sama.

"Baba Alhaji, amma dubi silin. Ko ɗigo babu."

Alhaji ya ɗaga kai, ya daɗe yana dubawa. Silin a bushe ƙayau.

"Na gani, Mamuda. Allah ya yi albarka," in ji shi. "Wanda zai shigo bayanka zai ji daɗinsa."