Buhun da Na Ce Ba Zai Zame Ba

Na tsufa ina lodin dawa a gonakin tarakta na Doka, don haka ranar da 'yata Nafisa ta zo da aikin fiziya, wato kimiyyar motsi da nauyi, daga makaranta, sai na gyara zama. Tambayar ita ce: cikakken buhu da rabin buhu a kan katako, idan ana ɗaga gefe ɗaya, wanne zai fara zamewa?

Na ce rabin mana, ai mai nauyi ya danne katako. Nafisa ta ɗan yi lissafinta, ta ce, "Baba, tare za su zame. Nauyin da ke danne shi, shi ne kuma ke jan sa ƙasa."

Yarinyar da na yi wa huɗuba a kunne! Na kira maƙwabcina Alhaji Adamu ya zama shaida. Muka jera katako biyu a tsakar gida, muka ɗora buhuna, samarin unguwa suka kama ɗagawa. Ni kuwa na tsuguna a gindin cikakken, finjalin gahawa a hannu.

Tare suka taho, wallahi, kamar sun yi shawara. Nawa ya kwantar da ni rigingine.

Nafisa ce ta fara janye buhun, ba ta ko yi murmushi ba. Yau injiniya ce, ina faɗa wa kowa. Amma har gobe in an sauke lodi, sai Alhaji Adamu ya ɗaga murya: "Ku ajiye mai nauyin kusa da malam, ba ya zamewa!"