Ranar da Na Haramta Cewa “Nawa”

Ana gab da samun ’yancin kai na yi aiki da wani Bature ɗan Finlan, mai gyaran injin yankan katako a Anloga. Shi ya gaya mini a harshensu ba a cewa mutum yana da abu, sai dai abin yana wurinsa. Nan take na ji ni shehin malami. Ai wannan tauhidi ne, komai na Allah!

Ina isa Zongo na tara iyali, na gyara murya, na haramta cewa “nawa” a gidana. Matata Adiza ta ce, “To, Maigida,” ta ci gaba da dakan sakwara.

Washegari ban ga sabon kekena ba, wanda ko taɓawa ba na bari a yi.

“Adiza, ina kekena?”

“Wanda yake wurinka jiya? Yau yana wurin ƙanena, ya tafi Kwadaso dubo Mma.”

A ƙafa na tafi aiki, ba bakin magana.

Yanzu duk mun yi furfura, amma in baƙo ya tambaye ta ko ni ne mijinta, sai ta gyara mini hula ta ce, “A’a, yana wurina dai.”