Mako Uku a Ƙofar Shagon Huluna

Duk faɗin birnin Paris, in ana neman mai tsare mutuncin unguwa, to a nufi shagon hulunan Théodule Marchandeau. Allah ya hore masa tumbi, ya hore masa gashin baki mai lanƙwasa, sannan ya ɗora masa shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwar layinsu, gagarumar ƙungiya mai mutum goma sha ɗaya cif. A gabansa Shugaba ne, a bayan idonsa Sarkin Malafa. Bai taɓa kuskure ba tunda aka haife shi. In hula ta matse mai saye, kansa ne ya yi girma ba bisa ƙa'ida ba.

Sai dai bana kujerar tana rawa. Firmin mai gidan burodi ya fito nemanta, mutum biyar har sun koma bayansa. Ana cikin haka labari ya bazu cewa Aurélien, matashin mai zanen nan da ke haya a hawa na biyar na wani bene a layin, zai zana layin a kan dutse, a buga shi da launi har kwafi ɗari, a kai ƙasashen waje.

Théodule ya tara 'yan ƙungiya, ya gyara murya. "Jama'a, me kuke jin yaron nan zai zana? Kwata? In duniya za ta kalli layin nan, fuskar wa ya dace ta gani? A ɗage zaɓe sai ranar bugu. Wanda tarihi ya zaɓa, ku su wa da za ku ƙi shi?"

"Na yarda," in ji Firmin. "In kana cikin hoton, na janye. In ba ka ciki, ka sauka."

Tun daga ranar, da zarar Aurélien ya buɗe taga da littafin zanensa bayan azahar, sai Shugaba ya fito ƙofar shago cikin baƙar kwat da doguwar hula, ya turo ƙirji, ya ƙame. Bai taɓa ɗaga kai ya gaishe shi ba, don girma ba ya roƙo. Ƙuda ya sauka a hancinsa, ya daure. Ruwa ya sauko, ya daure. Mai saye ya zo, ya faɗa masa ta gefen baki ya dawo gobe.

Ombeline mai kifi, wadda ta shekara ashirin tana ajiye kurar kifinta a wurin, ita ta fara shan hukunci.

"Matsa can, baiwar Allah! So kike ƙarninki ya shiga tarihi?"

"Au, yanzu har ƙarni ake zanawa, Shugaba? To Allah ya ba ƙafafunka haƙuri."

Matarsa ta leƙo ta ce miya ta huce, ya ce miya ta jira. Mako uku ya yi haka, har mura ta kama shi, ya riƙa haɗiye tari kada ya ɓata wa yaro aiki.

Ranar bugu ya jagoranci ƙungiya zuwa maɗaba'ar tsoho Clodomir. Kowane launi da dutsensa, takarda ɗaya ake bi da ita kansu bi da bi. Aka danna dutsen rawaya, sai ga hasken tagogi a jiƙaƙƙen titi.

"Shimfiɗa ce wannan," in ji Shugaba.

Dutsen ruwan toka ya fito da gidaje da hadari. Dutsen ja ya fito da kallabin Ombeline da kurarta a tsakiyar takarda, ɓaro-ɓaro.

"Ku kwantar da hankalinku. Babba shi ke zuwa ƙarshe."

Clodomir ya shafa baƙar tawada a dutse na huɗu, ya juya ƙarfen injin bugu, ya ɗago takarda. Layi ya cika maƙil: dawakan haya, lemomi, mata masu kwandon wanki, har Firmin ga shi can yana sauri da tire a ka. A ƙofar shagon huluna kuwa, wani baƙin turke ne dogo mai kumburi a tsakiya, wani kare ya ɗaga ƙafa a gindinsa.

"Ni ina nake?"

Aurélien ya gyara tabarau, ya dubi takarda, ya dubi kwat ɗin, kunya ta rufe shi. "Yallaɓai, ka yafe ni. Daga sama nake kallo, idona kuma ba shi da ƙarfi. Abin da ke motsi shi nake ɗauka mutum. Wannan kuwa, mako uku bai ko gusa ba, na zaci turken ɗaure dawaki ne hukuma ta kafa."

"Karen fa?"

"Shi ni na ƙara. Wurin ya yi fayau."

Firmin ya ce cikin ladabi, "To Shugaba, kai za ka raba gardama. Kana ciki, ko ba ka ciki?"

Gaba kura, baya sayaki. 'Yan ƙungiya duk suka zuba masa ido, har da Clodomir. Théodule ya daɗe yana duban turken. Sannan ya murza gashin baki, ya turo ƙirji.

"Yaron yana da hannu," in ji shi. "Ku dubi tsayuwar. Ni ne sak."

Aka bar masa kujerarsa, da karensa.