Ranar da Na Zauna a Kan Dutsen Kakanni

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na gama lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi na koma ƙauyenmu, nan gefen tafkin Madarumfa, da farin wando da kai kamar zai fashe don girma. A ganina duk garin babu wanda ya kai ni sanin duniya. (Duniyar tawa kuwa daga Maraɗi ta fara, a Maraɗi ta ƙare.)

A shekarar nan kurkunu ya kwantar da Baba, ladanin masallacinmu. Ciyawa ta shaƙe gonar geronmu, ni kuwa hannuna ya manta fartanya. In ba a samu gayya a makon ba, to mu da gero sai a rumbun wani.

Gayya a wajenmu ba a ƙulla ta sai a gidan giyar Inna Kande, a unguwar Anna, maƙwabtanmu masu bin addinin gargajiya. Ba shan burkutu kaɗai ake yi a gidan ba. Can ake jin wanda ya haihu da wanda ya dawo daga Katsina, can ake kashe rigimar iyakar gona, can kuma Sarkin Noma ke cewa gobe gonar wane za a shiga. Baba ya ce haka abin yake tun kafin Nasara su zo.

“Ka tahi ka gaishe da Sarkin Noma,” in ji Baba. “In ka shiga, ka jira Kande ta gwada maka wurin zama. Musulmi tabarmarsu daban, ruwa za ta ba ka.”

Na ce to, amma hankalina yana kan karin wandona.

Na isa da hantsi, gida ya cika, ana ta hira a gindin wata babbar tsamiya. Na hango tabarmar da ake nufi a bakin ƙofa, duk ƙasa da kashin kaji. Ni da wannan wando? Sai idona ya faɗa kan wani dutse mai sulɓi a gindin tsamiyar, tsaf da shi, babu kowa a kai. Na ce a raina, ƙauyawa ba su san kujera ba. Na shimfiɗa hankici na hakimce, har da ɗora ƙafa kan ƙafa.

Wurin ya yi tsit. Ni kuma na ɗauka kwarjinina ne.

Inna Kande ta taso da sauri. “Ɗan ladan, wanga wuri...”

“Kar ki damu, Inna, nan ma ya yi mini,” na katse ta, na ƙara da “marsi”, godiyar Faransanci, don ta san da wa take magana. Ta dube ni, ta dubi jama'a, ta koma bakin tukunyarta tana toshe baki da gefen zane.

Abin da ban sani ba, an buɗe sabuwar tukunya, kuma ƙwaryar farko ba ta masu rai ba ce. Sarkin Noma ne ke zuba ta a kan dutsen nan, rabon kakanninsu. Shi kuwa tsoho ne, idanunsa sun daɗe da dushewa, ƙafarsa ce ta san hanya.

Sai ga shi ya fito daga ɗaki da ƙwarya cike, ya nufo ni kai tsaye. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ai dattijo ya san darajar ilimi. Ya tsaya a gabana yana jero sunaye ƙasa-ƙasa. Na zaci gaisuwa ce irin tasu, sai na cire hula na sunkuyar da kai don ladabi.

Ya juye mini ita tas, tun daga tsakar ka har cikin takalmi.

Duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu. Na zabura ina ihu: “Baba, gayya! Gayya na zo roƙo!”

Tsohon ya ja da baya, ƙwarya ta faɗi. Dariya ta ɓarke, har wani ya tuntsure daga kan turmi. Ni dai da ƙasa za ta buɗe da na shige. Da aka bayyana wa Sarkin Noma ko wane ne, ya laluba kaina ya shafa.

“Tun ina saurayi nike ba wanga dutse giya, bai taɓa ce mani uffan ba,” in ji shi. “Yau ya buɗe baki ya nemi gayya. Wa za ya hana mashi? Gobe gonar ladan!”

Haka na ratso gari ina ɗiga, ƙudaje na yi mini rakiya. Baba ya shinshina tun daga zaure, ya ce, “Gayya na aike ka ka roƙo, ko tukunyar?”

Washegari suka zo da ganguna, kafin azahar gona ta yi fes. Geron shekarar ya kai mu har wata damina. Wandon dai bai sake zama fari ba, kuma har na yi furfura tsofaffin unguwar Anna in sun gan ni sai su rusuna su ce, “Kaka, ina kwana?”

Tun daga ranar, in na shiga taro na ga wuri mai kyau babu kowa a kai, tsayuwa nake yi har sai an ce mini zauna.