Yadda Za Ka Ɗora Wa Manhajar Kyauta Laifin Hannunka

Ɗan'uwa, an ɗauke ka aiki a matsayin masanin kwamfuta, alhali iyakar saninka kunnawa da kashewa? Kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Shekara uku na yi ina kula da kwamfutocin ofishin wata makaranta, malamai da ɗalibai suna kirana Injiniya, ban taɓa iya zana jadawali ba. Sirrin ɗaya ne tak: ka nemi wanda ba shi da bakin kare kansa, ka ɗora masa laifi. Ni Allah ya haɗa ni da manhajar rubutu ta kyauta, irin wadda ake saukewa ba a biya komai ba. Bi matakan nan bi da bi, na ba ka tabbaci asirinka ba zai taɓa tonuwa ba.

Mataki na 1: Ɓata mata suna tun ranar farko

Kada ka jira matsala ta zo. Da an nuna maka teburinka, kunna kwamfutar, ka ƙura mata ido, sannan ka juya wurin shugaban makaranta cikin alhini, kamar likitan da ya ga sakamakon gwaji.

"Ranka ya daɗe, ta kyauta kuke amfani da ita?"

Zai ce, "E, akwai matsala ne?"

Kada ka ce akwai, kada ka ce babu. Ka ce, "To, za mu lallaɓa." Wannan kalma ta ciyar da ni shekara uku. Mutane sun riga sun yarda cewa duk abin da ba a biya ba akwai lauje cikin naɗi, kai naka kawai ka shayar da wannan zargin ruwa.

Mataki na 2: Koyi tsaki

Tsaki shi ne rabin aikin masani. Akwai gajere, na lokacin da takarda ta ƙi buɗewa saboda ka manta inda ka ajiye ta. Akwai dogo mai haɗe da girgiza kai, na lokacin da malami ya tsaya a kanka yana jiran tambayoyin gwajinsa, kai kuwa ko farawa ba ka yi ba. Bayan tsakin sai ka ɗan bugi gefen allon da tafin hannu, ka ce, "Ka gani ko, Malam? Da ta kuɗi ce da tuni kana aji."

Zai tafi yana tausayinka. Malamin lissafi har ruwan sanyi ya taɓa sayo mini.

Mataki na 3: Yi aikin da dabararka, kada ka tambayi kowa

Tambaya ita ce ke kashe masani. Idan aka ce ka yi jadawalin jarrabawa, mai layin rana, layin darasi da layin aji, kada ka soma laluben inda ake saka gidajen jadawali a manhajar. Akwai dogon maɓallin nan da ke kwance a ƙasan sauran, mai ba da tazara. Rubuta Litinin, ka yi ta danna shi har ka kai tsakiyar shafi, ka rubuta Lissafi, ka ci gaba da dannawa, ka rubuta Aji Uku. Layi na gaba ma haka, kana aunawa da ido.

Wannan dabara tana da fa'ida biyu. Ta farko, ƙarar dannawar tana cika ofis, duk wanda ya wuce sai ya ce Injiniya yana fama. Ta biyu, idan aka buga a takarda komai zai karkace, Lissafi ya zame ƙarƙashin Talata, Aji Uku ya faɗa layin ƙasa, kai kuma ka samu sabuwar hujja a hannu. Ɗaga takardar sama kowa ya gani, ka yi dogon tsaki.

Mataki na 4: Yi hattara da sakatariya

A kowane ofis akwai irinta. Tamu dattijuwa ce mai tabarau da igiya a wuya, tun zamanin tafireta take aiki, teburinta na bakin taga kusa da firinta. Muna kiranta Anti. Da wannan manhajar take buga wasiƙun iyaye, sunayen ɗalibai da takardun taro, kullum tsaf, ba tsaki ba bugun allo. Gaskiya ta tsaya mini a wuya.

Maganinta shi ne ka raina aikinta cikin ladabi. Idan shugaba ya ce, "Amma ita Anti ba ta kuka da ita," sai ka yi murmushi ka ce, "Ai Anti wasiƙa kawai take bugawa, ranka ya daɗe. Aikin ƙwararru daban ne."

Za ta ɗago ta dube ka ta saman tabarau, ta ce, "Haka ne, Injiniya." Kada wannan ya dame ka. Haka kuma idan ka lura takardun da ka bari a firinta a karkace suna isa allon sanarwa a miƙe, kada ka yi bincike. Ka ɗauka iska ce.

Mataki na 5: Idan ta ɓaci, ka ɗaga murya

Wata rana Anti za ta yi tafiya, jikarta ba lafiya, jadawalinka ya isa allon sanarwa yadda ka haife shi. Ni haka ta faru da ni. Ranar Litinin 'yan Aji Uku suka zo da shirin Tarihi, aka ajiye musu takardar Lissafi. Yara suka ɓarke da kuka, iyaye suka cika baranda, wata uwa tana ɗaga jadawalin tana tambaya ko da ƙafa aka rubuta shi.

A irin wannan rana kada ka sunkuyar da kai. Shiga ofishin shugaba tun kafin ya aiko, ka riga shi fushi.

"Ranka ya daɗe, shekara uku ina faɗa! Wannan manhaja sai ta rufe makarantar nan. A kawo ta kuɗi, ka ga aiki."

Mataki na 6: Kada ka yi nasara fiye da kima

A nan na yi kuskure, kuma saboda shi na rubuta wannan jagora. Na yi maganar da zafi har shugaba ya yarda. Ranar Laraba ya shigo rungume da kwamfutar surukinsa, mai ɗauke da manhajar kuɗi, sabuwa fil. Ya tara malamai a ofis, ga Anti ta dawo tana zaune a bakin tagarta.

Ya ce, "Injiniya, ga abin da kake nema. Buɗe mana jadawalin nan a ciki, kowa ya ga bambanci. In ya gyaru, mu saya. In bai gyaru ba, to sai mu san inda ciwon yake."

Ɗan'uwa, fanka tana juyawa amma rigata ta jiƙe. Na buɗe. Lissafi yana nan ƙarƙashin Talata, har ya ƙara matsawa gaba. Na yi gajeren tsaki, babu wanda ya taya ni. Na yi dogon, shugaba ya naɗe hannu a ƙirji.

Mataki na 7: Ka san akwai wani maɓalli

Babu wanda ya taɓa gaya mini, ni ina gaya maka kyauta. A saman allo akwai wani ɗan maɓalli, a ta kuɗi akwai shi, a ta kyauta ma akwai shi, wanda ke fito da duk abin da hannunka ya danna a ɓoye. Anti ta taso a hankali, ta ce, "Ɗan matsa, Injiniya," ta taɓa shi.

Shafin ya cika da ɗige-ɗige. Tsakanin Litinin da Lissafi ɗigo ya fi arba'in, jere kamar tururuwa, layi bayan layi har ƙasa. Kowane ɗigo dannawata ɗaya ce.

Shugaba ya matso da fuska. "Anti, mene ne wannan kuma? Cuta ce ta shiga?"

Na rufe ido ina jiran ta gama da ni. Tana da dalili, shekara uku ina ce mata mai buga wasiƙa.

Ta ce, "Ba cuta ba ce, ranka ya daɗe. Wahalar da yaron nan ya sha ce. Duk ɗigon da ka gani da hannunsa ya sa shi. Kada ka sayi komai, tamu ta isa. Ka bar mini shi mako guda."

Shugaba ya dubi ɗigon, ya dube ni, ya ce, "Duk wannan kai kaɗai? Sannu da ƙoƙari." Malamin lissafi, wanda ya gane komai, ya fita baranda da sauri, muna jin dariyarsa har bakin ƙofar makaranta.

Mataki na 8: Ja kujera

Da aka watse, Anti ta nuna mini kujerar da ke gefen teburinta. Ta buɗe manhajar kyautar nan da na yi shekara uku ina zagi, ta danna wuri biyu, gidajen jadawali suka fito a miƙe. Ko minti biyar ba a yi ba.

Na ce, "Anti, tun yaushe kika sani?"

"Tun makonka na farko. Wa kake tsammani yake sake buga takardunka kafin su kai allo?"

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta. "Kullum ina jira ka ce, Anti, nuna mini. Kalma uku ce, ɗana. Ka gwammace ka danna abu sau dubu."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban samu wanda zan ɗora wa ba. Na ja kujerar na zauna. Har yau malamai suna kirana Injiniya, sai dai yanzu idan sun faɗa, wajen taga suke kallo.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya same ka: kora, kukan Aji Uku, ko dariyar malamin lissafi. Tabbacin da aka ba ka a farko ya daina aiki daga ranar da sakatariyarku ta yi tafiya. Idan ka ga kuskure a wannan takarda, kada ka zargi manhajar da aka buga ta da ita, ta kyauta ce kuma lafiyarta ƙalau. Kawo kukanka teburin bakin taga, za ka same ni a kujerar gefe. Amma ka zo da taka kujerar, don ni ban gama koyo ba.